WhatsApp Business a shagon tela: abin da ta ɗauke mini da abin da ta bar wa littafin awo

Wani yarona da ya yi shekara shida a hannuna kafin ya buɗe nasa shagon a Kurna ya zo yi mini barka da Sallah. Muna zaune ya hango littafin awo a kan teburin yanka, ya ce, “Maigida, har yanzu ana tare da wannan littafin? Ni fa yanzu komai nawa a waya yake.” Na tambaye shi kala nawa ya kasa sallama kafin ranar idi. Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce kala tara. Na ce masa ya dawo wata rana mu zauna a nutse, domin amsar tana da tsawo. Ita ce nake rubutawa a nan, don shi da sauran masu sana'ar hannu da ke tunanin waya za ta tsara musu aiki.

Shagona yana Fagge a Kano. Keke biyar ne a ciki da injin aikin wuya guda ɗaya, da yara huɗu masu koyo. Ɗinkin maza muke yi: kaftani, babbar riga, jamfa, 'yar shara, da kayan yara idan Sallah ta matso. Na sauke manhajar WhatsApp Business a ƙarshen 2019, kusan shekara biyu bayan fitowarta a Janairun 2018. Kyauta ce, data kawai take ci, kuma tana zama a waya ɗaya da WhatsApp ɗin da kowa ya sani muddin kowacce da lambarta. Na ware mata layi na musamman, na bar tsohon layina ga iyali da 'yan uwa. Wannan rabuwar kaɗai ta sauƙaƙa mini abubuwa da yawa, don a da saƙon uwargida na cefane da saƙon mai neman kayansa a wuri ɗaya suke cakuɗewa.

Tela ba ya sanin ingancin kowane tsari sai a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ake kwana a kan keke, janareta na ruri, kowa yana son nasa kafin hawan idi. Azumin farko da na yi da manhajar shi ne na 2020, wanda ya faɗo cikin kullen korona a Kano. Mutane ba sa iya zuwa shago yadda suka saba. A waya na riƙa koya wa wasu yadda za su ɗora tef a kan tsohuwar rigar da ta yi musu daidai, su ɗauki hoton tsawo da kafaɗa da hannu su turo. Ba don haka ba, da shekarar nan mun zauna hannu rabbana. Tun daga lokacin ban sake raba ta da shago ba, kuma ina ganin na san inda take da ƙarfi da inda ba ta kai ba.

Babban abin da ta yi mini shi ne ta kashe gardamar “ba haka na ce ba”. Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi ya san wannan masifar. Mutum zai tsaya a gabanka ya kwatanta wuyan da yake so da hannu, ya ce irin na wane da ya gani a ɗaurin aure, zaren ya ɗan fi yadin duhu kaɗan. Ka yi iya fahimtarka, ranar karɓa ya ɗaga rigar ya ɓata rai. Shadda mai tsada kuwa idan an yanka an yanka. A shekarun baya na sha biyan yadin da ban ci ba ban sha ba, don kawai a rabu lafiya. Yanzu gani ya kori ji. Kowa zai turo hoton aikin da yake so, ni kuma in ɗora zare kala biyu ko uku a kan yadinsa, in fita waje inda hasken rana yake in ɗauki hoto, in ce, “Alhaji, wanne za a sa?” Ya zaɓa, zaɓinsa yana nan a rubuce da rana da lokaci. Idan magana ta taso daga baya, ba na ɗaga murya, hirar kawai nake buɗe masa cikin ladabi. Sau da yawa mutum da kansa yake cewa, “Ai kuwa haka ne, ni na manta.” Akwai ranakun da hirar ta nuna ni ne na kauce, na ba da haƙuri na gyara da kuɗina. Ko ta wane ɓangare, magana takan mutu cikin minti biyu maimakon a kwana ana jin haushin juna. A wannan fannin ban san abin da ya kai ta ba, kuma don shi kaɗai ma zan ce kowane tela ya sauke ta.

Sai lakabi mai launi da ake liƙa wa hira. Lokacin da na sauke manhajar ta zo da guda biyar nata, na sabon abokin ciniki, da sabon aiki, da wanda ake jiran kuɗinsa, da wanda ya biya, da wanda aka gama. Ana iya ƙarawa har zuwa ashirin. Na goge nata na rubuta nawa da Hausa: “an kawo yadi”, “an yanka”, “yana wajen aikin wuya”, “yana wajen bugu”, “a zo a karɓa”, “saura ciko”. Da dare idan na taɓa “saura ciko”, duk waɗanda ke riƙe da kuɗina sai su fito a jere. Wannan yana da daɗi ƙwarai, musamman bayan Sallah lokacin da ake neman kuɗin sallamar yara da na hayar shago.

Amma a nan ne kuma na fara gane iyakarta. Ni a kan hirar mutum nake liƙa lakabi, alhali aikina kaya ne. Akwai Alhajin da duk shekara yake kawo kala goma sha ɗaya, nasa uku, sauran na 'ya'ya da jikoki. A rana ɗaya za ka tarar biyu an yanka, huɗu suna wajen aikin wuya, ɗaya ya dawo daga bugu, sauran ko taɓa su ba a yi ba. Wane launi zan ba shi? Idan na jibga masa duka, launukan sun daina gaya mini komai.

Abin da ya fi wannan girma, wanda kuma shi ne zuciyar abin da nake son yarona na Kurna ya fahimta, shi ne yadda hirarraki suke jeruwa. Wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne a sama. Haka aka gina ta, kuma ga hira tsakanin mutane hakan daidai ne. Aikin shago kuwa da wani ma'aunin yake tafiya: wa ya riga kawowa, kuma ranar wa ta fi kusa. Idan ka bar allon waya ya zama shi ke gaya maka abin da za ka ɗora a keke da safe, mai yawan magana za ka riƙa yi wa aiki. Saurayin da ya kawo yadi shekaranjiya, yana turo “Oga ya ake ciki?” sau biyar a rana, kullum yana gaban idonka. Dattijon da ya kawo nasa tun watan Sha'aban, ya yarda da kai, ya koma gida bai sake cewa uffan ba, yana can ƙasa ƙarƙashin hira ɗari biyu.

Wannan ya faru da ni a azumin 2022, shekarar da na fi sakin littafi na dogara da waya. Wani malamin makarantar firamare mai ritaya, mutum mai kunya da kawaici, ya kawo farar shadda kala ɗaya tun kafin a ga wata. Na auna shi, na tura masa awon a waya, na ce in sha Allah kafin goma ga azumi ya samu. Bai taɓa kira ba. Ana jibi Sallah da la'asar sai ga shi a ƙofar shago da sallama, ya ce, “Malam, na zo ne ko Allah ya sa an gama.” Yadinsa yana cikin leda yadda ya kawo shi. Ban taɓa jin nauyin mutum kamar na ranar ba. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ajiye duk abin da ke hannuna, na yanka da kaina, muka kwana a kai, na aika masa har gida ranar jajibiri. Laifin nawa ne, don ni na yi alkawari, kuma ni na bar idona yana bin wanda ya fi surutu. Amma daga ranar na san cewa jerin da ke kan allon waya ba jerin aikina ba ne. Ana iya kafe hira uku a sama don kada su nutse, ana iya sa wa saƙo tauraro don a same shi da sauƙi, duk ina yi. Sai dai mai kaya sama da ɗari a rataye, hira uku ba za su riƙe masa shago ba, kuma har yau ban ga wurin da zan taɓa ta jera mini kaya daga wanda za a karɓa gobe zuwa wanda za a karɓa wata mai zuwa ba.

Batun saƙon murya kuma sai an yi masa adalci. Mutanenmu sun fi son magana da baki, kuma da dalili. Akwai dattawan da karatunsu na allo ne, rubutun boko yana musu wuya a ƙaramin allon waya. Akwai 'yan kasuwar Maraɗi da ke shigowa Kantin Kwari sayayya su bar mini ɗinki, waɗanda idan suka rubuta Hausa da irin rubutun Faransanci sai na karanta sau biyu. Ga irin waɗannan, saƙon murya rahama ne. Matsalar ita ce abin da aka faɗa da baki ba ya nemuwa. Idan na rubuta “linkis”, wato maɓallin hannun riga, a wurin bincike, duk saƙon da aka rubuta kalmar a ciki zai fito. Idan kuwa mutum ya faɗe ta ne a cikin saƙon minti huɗu, bayan gaisuwa da tambayar iyali da labarin tafiyarsa Abuja, a daidai minti na uku ya ce, “Af, hannun nan a yi shi na linkis, kuma a ƙara inci ɗaya a tsawon wando,” to maganar ta shige ciki. Bayan sati uku, da almakashi a hannunka, ba za ka tuna a wane saƙo take ba cikin guda goma sha biyu.

Dabarar da na samo ita ce, duk saƙon murya da ya shafi aiki, ina saurara, wani lokaci in ƙara masa sauri zuwa ninki ɗaya da rabi, sannan nan take in mayar da amsa a rubuce: “Ranka ya daɗe, abin da na ji: hannu linkis, wando tsawo 42 maimakon 41, aljihu biyu. Haka ne?” Idan ya ce haka ne, in sa wa saƙon tauraro. Wanda ba ya karatu kuma in karanta masa da murya, amma rubutun yana nan saboda ni. Aiki ne ƙari, ba na musu. Amma tun da na fara, kuskuren awo ya ragu sosai a shagon.

Kada kuma a ɗauka abin da ke cikin hira ya zauna ke nan har abada. Tun 2023 mutum yana iya gyara saƙonsa cikin minti goma sha biyar da turawa, ko da yake manhajar tana nuna an gyara. Yana iya goge shi daga wayarka da tasa har bayan kusan kwana biyu. Akwai kuma tsarin saƙo mai ɓacewa da kansa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, kuma wasu suna kunna shi a duk hirarrakinsu don kada wayarsu ta cika, ba da wata mugunta ba. Idan ba ka lura da 'yar alamar agogon da ke jikin hoton mutum ba, sai ka buɗe neman awo ka tarar da fili. Duk wanda na ga alamar a hirarsa, nakan roƙe shi ya kashe mana ita, awonsa kuma ya shiga littafi a ranar.

Zaurukan WhatsApp, wato guruf, su ma iri-iri ne, kuma ba na musu hukunci ɗaya. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne na ankon abokan ango. A da idan aka ce mutum talatin za su yi anko, sai ka yi sati biyu kana bin su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu babban abokin ango yakan buɗe zaure ya saka ni. Tun da aka kawo ƙuri'a a cikin hira a ƙarshen 2022, nakan saka hoton aikin wuya uku su zaɓa, wanda ya fi rinjaye shi ke nan. Sai in rubuta saƙo ɗaya mai ɗauke da kuɗin ɗinki, da ranar rufe karɓar awo, da ranar karɓar kaya, a kafe shi a saman zauren. Ana iya kafe shi na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30. Idan babban abokin mai tsari ne, ya rufe zauren ya zama shugabanni kaɗai ke magana sai lokacin da ake buƙatar ra'ayi, aiki yakan tafi kamar ruwa. Idan kuwa aka bar shi a buɗe, kafin azahar saƙo ɗari uku sun taru: tsokanar ango, hotunan dariya, gardamar ƙwallo. A tsakiyarsu wani zai jefo awonsa, ya ɗauka na gani. Saboda haka na kafa doka: ba na karɓar awo a zaure. Ko mutum ya zo shago, ko ya turo mini ni kaɗai.

Akwai zauren telolin yankinmu. Ranar da zaren wata kala ya yanke maka da ƙarfe goma na dare, ka saka hoto, cikin minti biyar wani zai ce yana da shi, turo yaro. An taɓa sanar da mu wani mai yawo shago-shago yana karɓar kayan mutane da sunan aike, muka ankara da wuri. Wannan alheri ne. Amma a rana ta yau da kullum, abin da ya shafi sana'a a ciki bai fi saƙo biyar ba, sauran gaisuwar Juma'a ce, da sanarwar da aka turo daga wani zauren, da labarin da ba a san tushensa ba. Tun 2019 aka taƙaita tura saƙo zuwa hira biyar a lokaci guda don rage irin wannan, amma mai niyya sai ya yi biyar sau biyar. Na kashe ƙarar zauren, ina leƙawa sau biyu a rana. Zaure yanzu yana ɗaukar mutum har 1,024. Ni dai a ganina duk wanda ya wuce mutum hamsin ya daina zama wurin shirya aiki.

Game da kuɗi, darasin ya zo mana a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira da ƙarancin tsabar kuɗi, da kowa ya koma tiransfa. Hirarraki suka cika da hoton rasit. Yana da amfani, don kafin alƙalami da ciko duk suna wuri ɗaya da awon mutum. Amma hoton rasit ba kuɗi ba ne. Wani an cire masa kuɗin bai iso ba, wani kuma, Allah ya shirya, hoton ma haɗa shi aka yi. Na gaya wa yarana kaya ba ya fita sai na buɗe asusuna na gani da idona, ko da mutum ya nuna musu hoto goma. Mutanen kirki ba sa jin haushin wannan.

Sauran kayan da ke cikin manhajar ba sai na daɗe a kansu ba. Amsoshin da ake ajiyewa a kira su da alamar “/” suna hutar da yatsa: lambar asusu, kwatancen shago, farashin ɗinki. Saƙon da ke amsawa da kansa idan an rufe shago na kunna shi, na rubuta cewa za a amsa bayan sallar asuba in sha Allah. Kundin nuna kaya yana ɗaukar abu har 500, na saka kusan arba'in na gaji, don mutanenmu sun fi son su tambaye ka kai tsaye. Saƙon bai-ɗaya yana zuwa ga mutum 256, amma sai waɗanda suka ajiye lambarka, kuma da shi nake sanar da ranar rufe karɓar ɗinkin Sallah. Sitatus kuwa, mai ɓacewa bayan awa 24, shi ne tallan da ya fi kawo mini aiki. In an gama babbar riga mai kyau na ɗora, da wuya a kwana ba a samu mai cewa a yi masa irinta ba. Ba na ɗora kayan mutum kafin ya saka su, wannan amana ce, musamman kayan ango.

Facebook da Instagram da TikTok kuma wani abu ne daban. Ɗaya daga cikin yarana yake kula mini da shafin Instagram, kuma ta nan muka samu masu ɗinki daga Abuja da Legas, har da wani ɗalibi a Sudan da ya turo awo aka kai wa iyayensa kayan a nan Kano. Kasuwa suke kawowa. Tsari kuwa ban ga sun ƙara mini ko kaɗan ba, sai ma ƙofofin shigowar saƙo da suka ƙaru. Duk wanda ya yi magana a can, amsa ɗaya ce: ga lambar shago, a yi magana a WhatsApp. Abin da ya fi damuna da su shi ne lokacin yara. Yaro zai ɗauki waya don ya duba hoton wuyan da aka ce ya yi, bayan minti ashirin ka waiwaya ka gan shi yana kallon bidiyo, keke a tsaye. Ba rashin tarbiyya ba ne, abin an yi shi ne don ya riƙe ido, ni ma da furfurata yakan ja ni. Yanzu wayoyinsu a aljihun tebur suke daga safe zuwa azahar. Wayar shago guda ɗaya ce a waje, kuma idan za a yi aikin wuya, a kan takarda nake zana shi in maƙala a jikin yadin da allura.

Sai maganar ranar da waya ba ta hannunka. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, daga yamma zuwa dare a lokacinmu. Wata ɗaya kafin nan, a Satumba, an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya ɗauki makonni, ya kuma shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato. Ina da masu ɗinki a Gusau da muka daina jin ɗuriyar juna, sai direban mota ne ya riƙa kawo saƙo a takarda. Waɗannan ba kullum suke faruwa ba. Abin da ke faruwa kullum a garin nan shi ne waya ta faɗa ruwa, ko ta mutu, ko a ƙwace ta a hanya. An ƙwace tawa a 2023 ina dawowa daga shago da dare. Allah ya tsare ni, kuma ya sa na saba ajiye kwafin hirarrakina a Google Drive, don haka da na sayi wata a kasuwar waya ta Farm Centre na dawo da layina, kusan komai ya dawo sai na kwana biyun ƙarshe. Wani maƙwabcina da irin haka ta same shi bai taɓa kunna ajiyar ba, awon mutanensa na shekara uku ya tafi. A duba wannan yau, a sa ta riƙa ajiyewa kullum. A kuma sani cewa tun farkon 2024 ajiyar masu Android tana cin wuri daga cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, don haka mai tara bidiyo zai iya cika shi bai sani ba. Ni na cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa. Haka kuma a kunna lambar sirri mai lamba shida ta mataki na biyu, kuma duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo a saƙo, ko da ya ce daga zauren masallaci ko na ƙungiya yake, a kashe wayar. Da haka ake sace layin mutum a bi abokan cinikinsa ana roƙon kuɗi da sunansa.

Data ma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Na hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, sai wanda na taɓa. Hakan ya rage cin data, ya kuma hana wayar cika da abin da ban nema ba.

Ga yadda shagon yake tafiya yanzu. Magana da mutane, da hoto, da shaidar abin da aka amince a kai, da tunatar da mai kaya ya zo ya karɓa, duk na bar wa WhatsApp Business, kuma a waɗannan ba ni da ƙorafi. Awo da rana kuwa na littafi ne. Kowane aiki yana da lamba, a gefen awon ina manna ɗan ƙyallen yadin, lambar nan kuma ita nake rubutawa da alli a jikin yadin, ita nake tura wa mai kaya a waya. A bango akwai allo da aka raba shi kwana bakwai, kowace rana da lambobin da za su fita. Bayan sallar isha'i, kafin a ja ƙofa, nakan zauna minti goma sha biyar in bi hirarrakin ranar ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya canza wani abu ko ya turo kuɗi in shigar a littafi. Da safe allon bango nake fara kallo, sai an raba wa kowa aikinsa sannan in buɗe waya.

Da yarona na Kurna ya dawo, na nuna masa duk wannan, na kuma buɗe littafin 2022 na nuna masa shafukan da na bari babu komai a watan Sha'aban. Ya tambaye ni ko ya goge manhajar ne. Na ce a'a, ya riƙe ta da kyau, ya ware mata layi, ya kunna ajiya a daren nan. Sannan na ba shi sabon littafi mai bangon kwali cikin waɗanda nake saya a Sabon Gari, na ce ya fara da kala taran nan, ya rubuta ranar da zai kai wa kowa nasa, ya kira su da bakinsa ya ba su haƙuri. Malamin nan mai farar shadda har yanzu ni nake masa ɗinki. Bana ma tun Sha'aban ya kawo, lambarsa ta uku a littafin.